Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu sharhin siyasa a gidajen rediyon Maradi da malamanmu masu ilimin siyasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai da ƴan'uwa, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na zaɓi in rubuto muku a fili ne saboda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, ta duk wanda ke kunna rediyo bayan sallar isha'i ce yana jiran ya ji abin da za ku ce. Zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2027 yana ƙaratowa, kuma tun yanzu hirar ta cika fadodin shayi daga unguwar Bagalam har unguwar Zariya a nan Maradi. Roƙona gare ku shi ne, wannan karon idan kun zauna gaban makirfo ku koya mana yadda ake karanta yaƙin neman zaɓe. Labarin wa ya tara jama'a, wa ya sauya sheƙa, wa ya zagi wa, muna samunsa kyauta a WhatsApp tun kafin ku iso gidan rediyo.

Kada wani ya ce mene ne ruwanmu da zaɓen maƙwabta. Wanda ke sauke kaya a Ɗan Isa ya san ruwansa. Lokacin da marigayi Buhari ya rufe iyaka a watan Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka sake buɗewa, kuma mun ga ƴan kasuwar da ba su sake miƙewa ba. Canjin takardun naira a farkon 2023 ya daskarar da ciniki a nan kamar yadda ya yi a Jibiya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin a ce kwabo kuɗin kwalbar ruwa-ruwa ya tashi a bakin titunanmu, ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗin ɗauka. Ga kuma layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a garin nan. Ba mu da ƙuri'a a can, amma abin da aka zaɓa yana shigowa har cikin tukunyarmu.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi damuna. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba mu sake zuwa akwatin zaɓe ba. A watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyu, an kuma tsayar da wa'adin shekara biyar. Yaron da ke da shekara 13 lokacin zaɓen 2021 ya kai munzalin jefa ƙuri'a yanzu, bai taɓa ganin yadda ake yi da idon babba ba. Gidajen rediyon waje da muka saba jin bayani daga gare su ma sun ragu: an dakatar da RFI tun Agustan 2023, Muryar Amurka kuma ta yi shiru a Maris na 2025. Nauyin ya dawo kanku. Kuma a ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa da koyo, domin zaɓen da ba ka da ɗan takara a cikinsa shi ne kake iya kallo da sanyin zuciya.

Ku fara mana da dokar wasan. Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke yanke rabin hukunci tun kafin a buga hoton kowa. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.8, wato kusan kashi 37 cikin ɗari. Atiku ya samu kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan 1.5. A fadarmu, da aka karanto waɗannan alƙaluma, wani dattijo da ya yi aikin wakilin jam'iyya a zaɓuɓɓukanmu ya gyara zama ya ce to yaushe ne zagaye na biyu? Tambayarsa daidai take bisa abin da ya sani, domin a zaɓuɓɓukan da aka yi a Nijar wanda bai haura rabi ba sai ya sake karawa. A Najeriya kuwa abin da ake buƙata shi ne ka fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ka samu aƙalla kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Babu wanda ya taɓa zaunar da dattijon nan ya bayyana masa wannan, duk da watannin da ya shafe yana sauraron sharhi. Kuma ku duba abin da dokar ta haifar. A 2019 Atiku da Obi tikiti ɗaya suka tsaya, Kwankwaso ma yana jam'iyyarsu. Da suka rabu uku a 2023, ƙuri'unsu a haɗe sun haura miliyan 14, amma babu zagaye na biyu da zai ba su damar sake haɗuwa. Wanda ya fahimci wannan ba sai an faɗa masa dalilin da ya sa ƴan adawar can suke ta faman neman haɗaka tun da wuri ba.

Mu kuwa dokarmu ta zagaye biyu wani hali ta koya wa ƴan siyasarmu. Kowa ya fito a zagayen farko ya gwada nauyinsa, sannan a zauna ciniki. Shi ya sa aka samu ƴan takara 30 a ranar 27 ga Disamban 2020. Masanin Faransa Maurice Duverger ya bayyana wannan tun a shekarun 1950: inda zagaye ɗaya ne jam'iyyu kan dunƙule, inda zagaye biyu ne sukan yawaita su dogara da ƙawance. Tarihinmu cike yake da misalan da za ku iya koyar da wannan da su ba tare da kun ƙetara teku ba. A 1993 marigayi Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen AFC ya tattaru bayan Mahamane Ousmane ya ci zagaye na biyu. A 2011 marigayi Hama Amadou, da kusan kashi 20 ɗinsa, ya bar ƙawancen da ya shiga kafin zaɓe ya mara wa Mahamadou Issoufou baya, Issoufou ya ci da kashi 58.

Na 2021 kuwa har yau ina jiran wanda zai warware mana shi da hujja. Bazoum ya samu kashi 39 da ɗoriya a zagayen farko. Seini Oumarou mai kusan kashi 9 da Albade Abouba mai kashi 7 suka bi shi. In ka tara, kashi 55 ne da ƴan kai, kuma a ranar 21 ga Fabrairu kashi 55.66 aka ba shi. Sai a ce ai lissafin ya fito, magoya baya sun bi umarnin shugabanninsu. To amma Ousmane daga kashi 17 ya haura zuwa 44, masu fitowa zaɓe kuma sun ragu tsakanin zagayen biyu, shi kuma ya ƙi amincewa da sakamakon ya ce an yi maguɗi. Shin da gaske ɗan MNSD, jam'iyyar Seini Oumarou, na Gidan Rumji ya bi abin da aka sa wa hannu a Yamai? Ko wasu sun bi, wasu sun bijire, wasu sun zauna gida, sai jimillar ta zo ta yi kama da biyayya? Jimillar ƙasa ba ta iya amsa wannan. Sai an ɗauko sakamakon kowace ƙaramar hukuma, na Dakoro da Tasawa da Mayahi da Madarumfa, a jera zagayen farko kusa da na biyu. Aikin mako ɗaya ne ga malami da ɗalibansa biyu, kuma shiri ɗaya da aka gina a kan wannan ya fi mini muhawara goma.

Sai maganar taron jama'a, wadda ita ce abincin sharhi a lokacin kamfe. Dukanmu mun san yadda ake haɗa mitin, don a gabanmu ake yi. Tun da hantsi ake kafa rumfuna, a sauke kujerun roba na haya, a kira maroƙa da masu kalangu. Ana zuba wa ƴan kabu-kabu mai, a ba su riga mai hoton ɗan takara, su zagaye gari suna busa oda. Motoci su tafi ƙauyuka su kwaso mata, kowace da sabon zanen jam'iyya a jiki da jika ɗaya ko biyu a ƙulle a bakin zane. Na san matashin da ya sa rigunan jam'iyyu uku a kamfe guda, kuma ranar zaɓe bai ma karɓi katinsa ba. Ban ga laifinsa ba, neman abinci yake. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai sharhin da ya ga duk wannan da idonsa, sannan da dare ya shiga rediyo ya ce taron yau ya nuna wane ya gama cin jihar. Taro yana nuna cewa jam'iyya tana da kuɗi da masu iya shiri, wannan ma labari ne mai amfani, ku faɗe shi a haka. Najeriya ta cika filayen wasa da mutane a kamfen 2023, amma cikin masu rajista miliyan 93, kashi 27 kacal suka fito.

Masu ilimin siyasa sun daɗe da gano cewa kamfe ba ya juya mutane da yawa kamar yadda hayaniyarsa ke sa a zata. A 1940 Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi mutum 600 a wata gunduma ta jihar Ohio a Amurka, suna komawa wurinsu daga watan Mayu har zuwa zaɓe a Nuwamba. Kusan rabinsu sun riga sun san wanda za su zaɓa tun kafin a fara, waɗanda suka sauya daga wannan ɓangare zuwa wancan kuwa ba su wuce kashi 8 ba. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, mutane sun fi ɗaukar ra'ayi daga bakin wanda suka sani suka yarda da shi a kan abin da suka ji a rediyo ko suka karanta a jarida. Wane Bamaraɗe ne zai ji wannan bai gane ba? Mai gari, liman, alhajin da ke ba da bashin iri da taki, uwar adashe, babban fada. Nan ƙuri'a take kwana. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai sun yi shekaru suna zama a garuruwanmu suna nazarin yadda zaɓe ke gudana a ƙauye, da yadda rigimar gidan sarauta ko ta ƴan uba kan shiga rigar jam'iyya. Aikin nan da Faransanci yake kwance. Malamai, mutanen da aka yi binciken a kansu Hausa da Zabarmanci suke ji, kuma ku ne kuke iya dawo musu da shi.

Game da ƙuri'ar jin ra'ayi, ina roƙonku da babbar murya, domin nan ba da jimawa ba za a fara turo mana su ta salula, kowace da zane mai launi. Mai sayen gero a kasuwa ba ya zazzage buhu duka kafin ya san kayan, amma kuma ba ya yarda da abin da aka shimfiɗa a baki. Sai ya zura hannu ƙasa, ya ɗebo ta gefe, ya ɗebo ta tsakiya. Binciken ra'ayi ma ingancinsa yana ga inda aka ɗebo mutanen, yawan su yana biye. A 1936 wata mujalla a Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2 ta ce Roosevelt zai faɗi, sai ya ci jihohi 46 cikin 48, saboda sunayen da ta aika wa takarda ta ɗebo su ne galibi daga masu tarho da masu mota. A Satumban 2022 wani bincike da aka yi ta manhajar waya ya ba Peter Obi sama da kashi 70 na waɗanda suka ce sun tsayar da ɗan takara, ya ƙare da kashi 25. Manomin Batsari da ba shi da babbar waya ba a tambaye shi ba, amma ƙuri'arsa an ƙirga ta.

Saboda haka kafin ku karanta mana kowane alƙalami, ku faɗa mana wa ya yi binciken, wa ya biya kuɗinsa, mutum nawa aka tambaya, ta waya ko ido da ido, da wane harshe, kuma nawa ne suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi amsawa. Afrobarometer, ƙungiyar binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka wadda ke aiki da LASDEL a nan Nijar, mutum 1,200 take tambaya gida-gida, kuma ita da kanta takan ce sakamakonta na iya kaucewa da kashi 3 sama ko ƙasa. Ke nan in an ce wane yana da 48 wane yana da 46, binciken bai ce kowa yana gaba ba. Wannan jimla ɗaya, in kuka maimaita ta har ta zauna a kunnen mutane, za ta kashe gardama mai yawa, za ta kuma rage masu ihun an yi sata don kawai abin da waya ta nuna musu bai tabbata ba.

Na san da yawanku kuna bin zaɓen Amurka, kuma kuna son kawo misali da shi. Ku kawo, amma da bayaninsa. Can wakilai 538 ne ke zaɓen shugaba, mai 270 ya ci, shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 kuma ta faɗi, shi ya sa kuma a 2024 kamfen ya tattara a jihohi bakwai. Masanansu suna ba tsadar rayuwa da farin jinin mai mulki muhimmanci fiye da zafin muhawara, kuma 2024 ta ba su gaskiya a wurare da dama: jam'iyyun da ke mulki sun faɗi a Amurka da Birtaniya da Ghana da Senegal, har da Botswana inda jam'iyya ɗaya ta yi shekara 58 a kan karaga. Sai dai kada ku ɗauko ma'aunin ku dasa mana shi haka nan. A Nijar ba a taɓa kayar da shugaba mai ci a akwati ba. Tandja ya zarce a 2004, Issoufou ya zarce a 2016 yayin da abokin karawarsa ya yi zagayen farko yana tsare a kurkukun Filinge, ƴan adawa kuma suka ƙaurace wa zagaye na biyu. A Najeriya sau ɗaya aka yi, a 2015. Me ya sa fushin talaka kan zama ƙuri'a a Accra da Dakar, amma a wasu wurare ya tsaya a bakin mai shayi? Hukumar zaɓe ce, ko kuɗin gwamnati, ko rarrabuwar adawa, ko tsoro? Wannan tambayar ta cancanci shiri na musamman, kuma amsarta za ta yi mana amfani a gida ranar da aka dawo da akwati.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Na san mai sharhi sau da yawa da kuɗin mansa yake zuwa gidan rediyo, na san gidan rediyon ma da kuɗin fili yake biyan wuta, na kuma san akwai maganar da mutum kan auna sau biyu kafin ya furta a wannan zamani. Ba na neman ku jefa kanku cikin wahala. Amma filin da aka saya a ce an saya, a farkon shiri da ƙarshensa. Wanda ke da ɗan takara a zuci ya faɗa, ba abin kunya ba ne, za mu saurare shi mu san inda ya tsaya. Kuma ku riƙa raba mana magana uku da kan cakuɗe a bakin mai sharhi: abin da ya faru, abin da yake hasashe, da abin da yake fata. Farfesa Allan Lichtman na Amurka, wanda ya yi suna wajen hasashen zaɓe tun shekarun 1980, ya ce Kamala Harris za ta ci a 2024, sai Trump ya samu wakilai 312. Kowa ya san ya kuskure ne saboda ya faɗi hasashensa a fili tare da dalilansa, ana iya komawa a duba. Ku ma ku yi haka. Ku faɗi abin da kuke hange da hujjarsa, bayan zaɓe ku dawo fili guda ku zauna mu duba tare inda aka dace da inda aka kauce.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo kada ya samu wuri a bakinku shi ne awon asali. Mun ga yadda kamfen 2020 ya karkata daga maganar makaranta da tsaro da farashin hatsi ya koma kan wane ɗan ƙasa ne wane ba ɗan ƙasa ba, mun kuma ga abin da ya biyo bayan sakamako a Yamai, da rayukan da aka rasa da intanet ɗin da aka katse. Zaɓen Najeriya zai zo da nasa, na Kudu da Arewa, na Musulmi da Kirista, kuma zai ƙetaro mana ta waya da Hausar da muke ji. Yanki da addini suna tasiri a ƙuri'a, ba wanda ya ce ku ɓoye. Ku nuna shi da alƙaluma, ku kuma nuna inda ya gaza: a 2023 Atiku ne ya ci Katsina, jihar Buhari, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 7 ba, Kwankwaso ya ɗauke Kano, Obi kuma ya ci Legas, gidan Tinubu.

Ga shugabannin gidajen rediyo, abin da nake nema a aikace bai fi ƙarfinku ba. Rabin awa a mako, da Hausa, daga yanzu har a rantsar da wanda ya ci a Abuja. A gayyato malami ɗaya daga cikin ƴaƴan jihar nan da suka karanta siyasa ko shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ko a Kano da Zariya, a haɗa shi da wanda ya taɓa zama a rumfar zaɓe, wanda ya san yadda ake buɗe akwati a aji bayan magariba, a ɗaga kowace takarda kowa ya gani, a ja layi a allo da alli, wakilai su sa hannu a takardar sakamako kowa ya karɓi tasa. A buɗe layin waya, a bar mata da matasa su yi tambaya, a kuma naɗi shirin a tura ta WhatsApp don na ƙauye da na ci-rani su samu. In an fara, fadarmu za ta kasance cikin masu kira a makon farko, kuma tambayar dattijon nan ta zagaye na biyu da ita za mu buɗe.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya.

Wassalam.

Ɗan'uwanku mai sauraro,
daga unguwar Zariya, Maradi.